Yadda ake zaman bitar kuskure a ma'aikata bayan an tsallake rijiya da baya

Wani dare a kamfanin casar shinkafa da nake aiki a Kano, injin da ke ɗaga shanshera zuwa sama ya cushe. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Makanikin dare ya ga komai ya tsaya cik, sai ya buɗe murfin ƙasa ya zura hannu yana yaso shinkafar da ta toshe. Can bayan gini yaron janareta ya tayar da janaretan ya juya layi, kamar yadda aka umarce shi ya riƙa yi da gaggawa. Bel ya ja. Hannun rigar makanikin ya tafi, nasa hannun ya tsira da ƙujewa kawai. Da gari ya waye kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba, manaja ya ce a rubuta masa takardar tuhuma, aka so a rufe magana a nan.

Da an rufe ta, da tarkon yana nan a ɗane yana jiran hannun wani. Irin wannan zama na yi shi sau da yawa, a kan yankan hannu, ƙunar tururi, faɗowa daga kan buhuna, da waɗanda saura ƙiris su faru. Na rubuta wannan ne don wanda aka ɗora wa kula da lafiyar ma'aikata a masana'anta, gareji, gidan burodi ko wurin gini, ba tare da an nuna masa ta inda ake farawa ba. Da labarin wancan dare zan riƙa misali har ƙarshe.

Abin da za ka tanada

Littafi mai kauri wanda ba a yage masa shafi, da biro. Waya mai ɗaukar hoto, da caji a cikinta. Igiya ko jan ƙyalle na kewaye wuri. Allo da alli. In babu, bayan tsohuwar kalanda ko kwalin da aka buɗe ya wadatar. Sai takardun wurin: jadawalin masu aiki, littafin miƙa aiki tsakanin masu rana da masu dare, littafin gyaran injina. Ka nemi wurin zama wanda ba ofishin oga ba, ko da gindin bishiya ne da benci. Ka sami abokin aiki guda wanda ma'aikata suka yarda da shi, wanda ya san injin da hannunsa, domin kai kaɗai za ka iya tsallake abin da shi zai gani nan take.

Abu na ƙarshe ba a saye shi a kasuwa, kuma ya fi sauran muhimmanci: alkawarin mai kamfani ko manaja cewa ba za a kori kowa ko a yanke masa albashi saboda ya faɗi gaskiyar kuskurensa ba. Ka karɓi wannan alkawari tun kafin wani abu ya faru, a rubuce in zai yiwu, a kuma faɗe shi a gaban ma'aikata. In ya ƙi, ka ci gaba da aikin, amma kada ka yi wa kowa alkawarin da ba ka da ikon cikawa. Sau ɗaya za a kori wanda ya amince maka, daga ranar ba za ka ƙara jin gaskiya a wurin ba.

1. Mutum tukuna, sannan inji

A kula da wanda abin ya shafa, a kai shi asibiti in da rauni, a kashe injin daga babban makunni. Ko bai ji ciwo ba, kada a mayar da shi kan injin a wannan dare. Mutumin da jikinsa ke rawa bai dace da bel ba.

In akwai rauni, akwai hakkin hukuma. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani ya sanar da hukumar NSITF, mai kula da asusun biyan diyyar ma'aikata, cikin kwana 7, in kuwa rasuwa ce nan take. Dokar masana'antu kuma ta ce a sanar da sufeton masana'antu duk hatsarin da ya jawo asarar rai ko ya hana mutum aiki fiye da kwana 3. Bitar da kake yi a cikin gida ba ta ɗauke wannan ba.

2. Kada a share wurin

Da zarar abu ya faru, hannun mutane yakan tafi ga tsintsiya. Ka hana. Kewaye wurin, ka ɗauki hoto daga nesa, sannan daga kusa: yadda makunni yake, inda murfi ya faɗi, kayan aikin da ke ƙasa, hasken wurin. In da dare abin ya faru, ka dawo ka ga wurin da dare. Sai da na tsaya a gindin injin nan da ƙarfe biyu na dare na gane cewa daga inda makaniki yake durƙushe ba a hango allon makunnai, kuma ƙarar janareta ba ta isowa sai bayan wuta ta riga ta shiga layi.

In dole ne a ci gaba da aiki saboda shinkafar da ke cikin tukunya za ta lalace, to ka yi hotunanka cikin minti goma, ka zana taswirar wurin a littafi, sannan ka saki.

3. Ka ji ta bakin kowa, ɗaya bayan ɗaya

A nan ne zaman yake gyaruwa ko ya lalace. Ka yi hirar cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin labari ya zaga ya zama iri ɗaya a bakin kowa. Kada ka tara su wuri guda. Yaro ba zai ƙaryata ogansa a gaban jama'a ba, kuma tarbiyyarmu ma ba ta yarda ya yi ba. Kada ka zauna a bayan tebur shi yana tsaye. Ku zauna a benci ɗaya, ku gaisa sosai, ka yi masa barka da arziki, ka tambayi jiki da iyali.

Makanikin nan ya girme ni. Na ce masa, "Baba, ba tuhuma na zo yi ba. So nake ka mayar da ni daren jiya, ka nuna mini abin da idonka ya gani tun daga lokacin da ka karɓi aiki." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yallaɓai, ƙaddara ce, laifina ne, a yi haƙuri." Wannan amsa za ka ji ta sau tari, kuma kada ka yi musu da ita. Ƙaddara gaskiya ce. Abin da nakan ce shi ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya, mu kuwa ramin muke nema don mu toshe shi. Ban taɓa faɗin haka mutum bai saki jiki ba.

Tambayoyin da ke buɗe baki su ne irin waɗannan: Me kake ƙoƙarin yi a lokacin? Me ka ɗauka yana faruwa? Yaya aka saba yin wannan aiki in abin ya cushe? Ka taɓa yin haka a baya lafiya? Me zai faru da ka tsaya ka bi doguwar hanya? Tambayar da ke rufe baki kuwa ita ce "Me ya sa ba ka kashe makunni ba?" Ita wannan hukunci ce aka sa mata rigar tambaya. Kai yanzu ka san ƙarshen labari, shi ya sa hanyar tsira ta fito maka fili. Shi a lokacin bai sani ba, kuma abin da ya yi daidai ne a idonsa, in ba haka ba da bai yi ba. Aikinka ka gano abin da ya sa ya zama daidai a idonsa.

Da na tambaye shi yadda aka saba, sai ya ce kowa haka yake yi. In aka ɗauke wuta, lokacin ne ake samun sararin share injin ba tare da an ce ka tsayar da aiki ba. Da can tsohon janareta yakan ɗauki lokaci kafin ya tashi, har ka gama ka rufe murfi. Kwanan nan aka kawo sabo mai tashi da wuri, ba wanda ya gaya wa masu gyara. Yaron janareta kuma ya ce an taɓa yi masa faɗa a gaban mutane don ya yi jinkiri, tun daga nan ba ya jiran kowa.

Ka rubuta maganar mutum yadda ya faɗe ta, ka karanta masa ya gyara. Kada ka ɗauki murya a ɓoye. In akwai wanda Hausa ba ta zauna masa ba, ka samo mai fassara wanda ba ogansa ba.

4. Jera abin da ya faru bisa lokaci

A kan allo ka ja dogon layi. Ka fara tun daga nesa da hatsarin: ranar da aka kawo sabon janareta, ranar da injin ya fara cushewa, lokacin da masu rana suka miƙa aiki, lokacin da wuta ta tafi, lokacin da ta dawo. Ƙarƙashin kowane lokaci ka rubuta abin da kowane mutum ya sani a wannan lokacin, ban da abin da aka sani daga baya. Inda maganar mutum biyu ta saɓa, ka rubuta duka biyun, kada ka zaɓi ta babba. Ka guji kalmomin sakaci, ganganci da rashin kula a kan allon nan. Abin da aka yi kawai ake rubutawa.

5. Nemo tsagar bango

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masanin nan na Jami'ar Manchester a Ingila, James Reason, ya kwatanta matakan kariya da yankakken cuku mai huji-huji da aka jera: kowane yanki da hujinsa, hatsari yana aukuwa ne ranar da hujojin suka daidaita. Ma'aikacin da abin ya fashe a hannunsa shi ne huji na ƙarshe. Sauran an huda su tun da daɗewa, a ofis, a wurin sayen kaya, a wurin tsara jadawali.

Hanyar da nake bi ita ce ta kamfanin Toyota: ka tambayi "me ya sa" ka sake tambaya, kamar sau biyar. Me ya sa injin ya tashi hannu yana ciki? Don makunninsa yana kunne lokacin da wuta ta dawo. Me ya sa ya tashi da kansa? Don an taɓa cire na'urar da ke sakin layi in wuta ta tafi, da ta ƙone, aka haɗa waya kai tsaye da niyyar za a sayo wata. Me ya sa ba a sayo ba? Don an rubuta buƙatar, ba a sa hannu ba, injin kuma yana aiki, sai aka manta. Me ya sa makaniki bai kulle makunni ba? Don babu kwaɗo, babu ma inda za a maƙala shi. Me ya sa injin ke yawan cushewa tun farko? Don rariyar da ke tace tsakuwa da kara ta yage.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, kada ka bi reshe ɗaya kawai. Kowace amsa tana iya haifar da tambaya biyu, ka bi su duka. Na biyu, in "me ya sa" ɗinka ya ƙare a kan sunan mutum, ba ka gama ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ka sa ido musamman a kan miƙa aiki, domin nan ne labari yake faɗuwa ƙasa. Ranar 6 ga Yuli 1988, a dandalin haƙar mai na Piper Alpha da ke teku kusa da Sukotlan, masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, ba su gama ba, suka toshe bututun na wucin gadi. Da dare ɗaya famfon ya tsaya, masu dare suka tayar da wanda ake gyara, don takardar da ke nuna an cire bawul ɗin ba ta zo hannunsu ba. Iskar gas ta fita, wuta ta tashi, mutum 167 suka rasu. Kamfanin yana da tsarin takardar izinin aiki a rubuce. Abin da ya rasa shi ne masu tashi da masu shigowa su tsaya su yi magana a kan abin da aka bari a buɗe. A wurinmu ma, da na buɗe littafin miƙa aiki, kalma biyu na tarar a kowace rana: "Komai lafiya."

6. Bambanta kuskure da ganganci

Ba cewa nake ba a hukunta kowa ba. Wanda ya zo aiki a buge, ko ya lalata abu da gangan, ko ya ɓoye hatsari bayan an ba shi damar faɗa, wannan maganarsa daban, kuma ma'aikata da kansu suna son a hukunta shi. Amma irinsu kaɗan ne.

Ga gwajin da nake yi. Na sami makanikai uku masu irin ƙwarewarsa, kowanne shi kaɗai, na ba su labarin ba tare da ƙarshensa ba: inji ya cushe, an ɗauke wuta, me za ka yi? Dukansu suka ce za su buɗe murfi su share. In mutum uku za su yi abin da ya yi, korar sa ba ta gyara komai ba, sai dai ka kawo na huɗu wanda bai ma taɓa jin tsoron injin ba. Da wannan na shiga wurin manaja. Na ce, "Ranka ya daɗe, in za a ba shi takarda, to a rubuta huɗu, a ƙara da ta wanda bai sa hannu a sayo na'urar ba." Ya janye takardar. Ka je da hujja a rubuce, ka kuma yi maganar ku biyu, kada ka kunyata shi a gaban na ƙasa da shi.

7. Zaɓi gyaran da ba ya dogara da tunawa

Kuskuren da na fi gani shi ne a yi duk wannan wahala, sannan a rubuta a ƙarshe: "A riƙa kula, a sake horar da ma'aikata." Mutumin da ya kwana yana aiki, da zafi da ƙura da hayaniya, wata rana zai manta, komai kirkinsa.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jirgin yaƙin Amurka samfurin B-17 sun yi ta janye tayoyin jirgi bayan sun sauka, jirgi ya kwanta a kan cikinsa, ana rubuta laifin matuƙi. Wani masani mai suna Alphonse Chapanis ya shiga ɗakin tuƙi ya ga makunnin tayoyi da na fiffiken rage gudu iri ɗaya ne, kuma suna dab da juna. Sai aka maƙala wa na taya ɗan guntun roba mai siffar taya, na fiffike kuma mai siffar fiffike, yadda hannu zai gane ko ido bai duba ba. Matsalar ta kau. Irin gyaran da kake nema ke nan.

Ka bi wannan jeri daga sama. Da farko, za a iya kawar da haɗarin gaba ɗaya? Mun sauya rariya, cushewar ta ragu ƙwarai, buƙatar zura hannu ta ragu tare da ita. Na biyu, za a iya sa inji ya kare mutum da kansa? An mayar da na'urar nan, yanzu in wuta ta tafi ta dawo injin ba ya tashi sai an danna. Na uku, ƙa'idar aiki: kowane mai gyara yana da kwaɗonsa da mukulli ɗaya tak a aljihunsa, ya kashe makunni, ya kulle, ya rataya katin sunansa, sannan ya danna maɓallin tayarwa ya tabbatar injin bai motsa ba kafin ya sa hannu. In mutum biyu ke aikin, kwaɗo biyu. Safar hannu, takalmi da hular kwano su ne na ƙarshe, ba na farko ba, kuma kusa da bel ko abin da ke juyawa safar hannu da riga mai faɗin hannu su ma haɗari ne.

In makunninku ba shi da wurin kwaɗo, mai walda zai iya yi masa ɗan akwatin ƙarfe mai marfi. Kafin a yi, mai gyara ya zare fis ya sa a aljihunsa. In wannan ma bai yiwu ba, a tsayar da mutum a gaban makunnin, ba shi da wani aiki sai tsaro har a gama. Amma wannan na kwana kaɗan ne, kada ya zama ɗabi'a. Kowane gyara ka rubuta sunan wanda zai yi da ranar da zai gama. Gyara uku da za a yi sun fi goma sha biyar da za su kwana a fayil.

8. Mayar da labarin ga masu shi

Ka tara kowane rukuni na minti goma kafin fara aiki, ka ba su labarin da abin da aka canza. Ba sai ka ambaci suna ba, sai in mai abin ya so. Makanikin namu da kansa ya ce zai yi bayani, ya zo da yagaggiyar rigar ya ɗaga, kuma maganarsa ta shiga fiye da tawa. Kada ka manta da leburorin kullum-kullum, masu dako da masu shara. Su ne suka fi kusa da injina, su ne kuma ba a kira taro.

Daga nan ka buɗe hanyar kawo rahoton abin da saura ƙiris ya faru. A watan Disamba 1974 jirgin saman kamfanin TWA na Amurka ya daki dutse yana shirin sauka kusa da Washinton, mutum 92 suka rasu. Bincike ya nuna makonni shida kafin nan matuƙan wani kamfani sun kusa dukan wannan dutse saboda rashin fahimta irin wanda ya jawo wannan hatsari, sun kai rahoto a cikin kamfaninsu, amma labarin bai isa ga sauran kamfanoni ba. Bayan haka ne a 1976 aka kafa tsarin kai rahoto a asirce, aka damƙa shi ga NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wadda ba ita ke hukunta matuƙa ba, ana cire suna kafin a yaɗa darasin. Kai ma ka raba mai karɓar rahoto da mai yanke albashi. Akwatin takarda yana aiki in ma'aikata suna rubutu. In ba sa yi, ka ba da lambar da za a turo saƙon murya ta WhatsApp, ko ka riƙa zagayawa bayan sallar azahar kana tambaya. Duk rahoton da ya zo, ka ba da amsa cikin mako, ko da amsar ita ce ba kuɗi yanzu. In rahotanni suka yi yawa a watannin farko, kada manaja ya firgita; abubuwan dama suna faruwa, yanzu ne aka fara faɗa.

9. Ka koma bayan wata ɗaya, ba tare da sanarwa ba

Ka je da dare, ka je ranar da aiki ya yi yawa, ka ga ko gyaran yana raye. Da na koma, na tarar da na'urar tana aiki, rariya lafiya, amma ba kwaɗo ko ɗaya a kan makunni alhali ana gyara. Ban yi faɗa ba, na koma mataki na uku na tambaya. Ashe an ajiye kwaɗunan a sito don kada su ɓace, mai sito kuma yana tashi ƙarfe shida na yamma. Washegari muka kafa allon katako a jikin bango kusa da makunnai, kowane kwaɗo da ƙusarsa da sunan mai shi, muka kuma ƙara layi ɗaya a littafin miƙa aiki wanda mai tashi da mai karɓa za su sa wa hannu tare: wane inji ne a buɗe, kwaɗon wa ke kansa.